Soyayyiyar kokwamba mai tsami a eya-firaya: panko, garin burodi, garin masara ko ƙullu?

Duk wadda ta yi niyyar fitar wa baƙi da soyayyiyar kokwamba mai tsami takan tsaya cak a wuri ɗaya: da me za ta lulluɓe ta? Kwalbar kokwamba tana nan, eya-firaya tana nan, amma kowane girki da inda ya sa gaba. Wannan ya ce panko, wato burbushin burodi irin na Japan, wancan ya ce garin burodi na yau da kullum ya wadatar, wani ya rantse da garin masara, wani kuma ya ce a dama ƙullu a tsoma. Idan a kaskon mai za ki soya, duka huɗun za su yi. A eya-firaya kam ba haka ba ne, don akwai wanda zai fitar da ke kunya, akwai kuma wanda zai bar ki da wankin kwando da dare.

Abincin na kudancin ƙasar Amurka ne. Wanda aka fi danganta yaɗuwarsa da shi shi ne Bernell Austin, wanda ya fara sayar da shi a 1963 a gidan abincinsa mai suna Duchess Drive In a garin Atkins na jihar Arkansas, inda a lokacin akwai masana'antar tsima kokwamba. A cikin mai ake soya shi tun asali. Ita kuwa eya-firaya baƙuwa ce a wannan harka: sai a 2010 kamfanin Philips ya fito da tasa a baje-kolin kayan lantarki na IFA a Berlin. Duk da sunanta, wanda a Turanci ke nufin mai suya da iska, ba suya take yi ba. Ƙaramin obin ce mai ƙarfen zafi a sama da fanka mai ƙarfi da ke hura iska kan abinci. Idan kika riƙe wannan a ranki, kusan duk abin da zai biyo baya zai zo miki da sauƙi. Mai yana rufe abu ta ko'ina ya ƙame shi cikin 'yan daƙiƙu. Iska ba ta da wannan saurin, sai ta fara busar da saman abu kafin ta gasa shi.

Ga kuma kokwamba, wadda kusan kashi 95 cikin 100 na jikinta ruwa ne, sannan aka ƙara jiƙa ta a ruwan khal da gishiri. Kenan jiƙaƙƙen abu ne kike so ya yi ƙaras-ƙaras a cikin injin da aikinsa busarwa. Nan ne duk rigimar take.

Ma'aunan da za a duba

Na farko shi ne ƙaras-ƙaras ɗin da abin ke yi lokacin da ya fito. Na biyu, wanda a liyafa ya fi na farko muhimmanci, shi ne tsawon lokacin da zai riƙe wannan ƙarfin a kan tebur. Baƙi ba sa zuwa tare, ba sa ci tare, kuma abin da ya fito da kyau ya saki bayan minti 5 bai yi miki amfani ba. Sai kuɗi, wato tsadar kayan da sauƙin samunsu. Sai wahala: kwano nawa za ki ɓata, hannu nawa aikin ke bukata. Na ƙarshe haɗari, kuma iri biyu ne: haɗarin girkin ya lalace, da haɗarin wani ya ƙone ko ya ci abin da jikinsa ba ya karɓa.

Abin da ya hau kan kowa

Kafin a zo ga zaɓi, akwai aikin da babu lulluɓin da zai yafe miki shi. Ki juye kokwambar a matsami ta tsane, ki jera ta a kan tishu ko tsaftataccen tawul, ki ɗora wani a sama ki danna. Ki canza tishun ki sake dannawa. Ki bar ta kamar minti 10 zuwa 15 har sai kin taɓa samanta kin ji babu santsi. Yawancin waɗanda ke kukan cewa lulluɓi ya zame musu ya bar kokwamba tsirara, a nan suka yi gaggawa.

Yanka ma yana da tasiri. Wadda aka yanka zagaye-zagaye, mai kaurin kamar milimita 6, ita ce ta liyafa: lomar ɗaya ce, tana gasuwa da wuri, kuma lulluɓin ya fi yawa a kan ruwan da ke ciki. Idan kika samu mai yankan gargada, mai tudu da kwari, ta fi riƙe gari. Dogon yanka kuwa, wanda ake tsaga kokwamba huɗu a tsaye, ya fi ruwa, yana ɗaukar minti 12 zuwa 14, kuma ruwan cikinsa yakan yi zafin da zai ƙona harshen wanda ya gatsa da sauri. Ga taron da ke da yara ba na ba da shawararsa.

Ki kuma duba kwalbar. Kokwambar da aka tsima da ganyen dil da tafarnuwa ita ce aka saba soyawa. Akwai mai zaƙi da ake zuba wa sukari, kuma sukarin kan sa gefenta ya yi baƙi kafin tsakiya ta gasu. Idan ita kike da ita, ki rage zafi zuwa digiri 180 a ma'aunin Celsius.

Sai gishiri. Giram 100 na irin wannan kokwamba na ɗauke da sodiyam wajen miligiram 800, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai miligiram 2,000 a yini. Don haka kada ki zuba gishiri a fulawa, ko a ƙwai, ko a garin. Masoro, garin tafarnuwa da garin tattasai sun isa.

Panko

Panko burbushin burodi ne irin na Japan. Ana yin sa da burodin da ba shi da ɓawo, wanda ake gasawa ta hanyar ratsa kwaɓin da wutar lantarki, sannan a barza shi ya fito dogaye-dogaye, mara nauyi, mai ƙofofin iska a ciki. Wannan siffa ita ce sirrinsa a eya-firaya. Burbushin ba ya kwanciya lif a jikin kokwamba, tsayawa yake yi ɓaro-ɓaro, iska mai zafi ta samu hanyar shiga tsakaninsa, tururin da ke fitowa daga ciki kuma ya samu hanyar fita. Shi ya sa ya fi kowa ƙara a baki, kuma ya fi daɗewa kafin ya saki.

Aikinsa kwano uku ne: fulawa, kaɗaɗɗen ƙwai, sai panko. Ki birkiɗa a fulawa ki kakkaɓe sosai, ki tsoma a ƙwai ki bari ya ɗiga, ki ɗora a panko ki danna da tafin hannu. Hannu ɗaya na busassun kaya, ɗaya na ƙwai, in ba haka ba kafin ki yi goma yatsunki sun fi kokwambar samun lulluɓi. Ki ɗumama injin minti 3, ki jera ba tare da ɗaya ta hau ɗaya ba, ki fesa mai, ki gasa a digiri 200 na tsawon minti 8 zuwa 10, ki juya a tsakiya ki sake fesawa.

Yana da aibi biyu. Burbushinsa ya yi wa ƙaramar kokwamba girma, don haka gefe-gefe kan zama babu komai. Maganin wannan shi ne ki zuba shi a leda ki ɗan murmusa da hannu, kada dai ya zama gari. Na biyu, panko fari ne fat, kuma duk inda mai bai taɓa ba haka zai fito fari, abin ya zama dabbare-dabbare. Launin ruwan zuma da ƙamshin suya daga haɗuwar sukari da furotin suke zuwa idan zafi ya haura wajen digiri 140, abin da masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya yi bayani a 1912, kuma busasshiyar iska ba ta kai zafin ga kowane lungu daidai kamar yadda mai ke yi. Dabarar da ta fi fesawa ita ce ki zuba cokali 1 na mai a kasko, ki juya kofi 1 na panko a ciki a kan wuta kaɗan har ya fara canza launi, ki bari ya huce, sannan ki yi lulluɓi da shi. Ƙarin aikin minti 5 ne, amma shi ne ke sa abin ya fito kamar daga mai aka tsamo shi.

A kuɗi, yawanci ya fi garin burodi tsada, kuma da yake ba shi da nauyi, fakiti kan ƙare da wuri fiye da yadda ido ke zato. Haɗarinsa kaɗan ne: burbushin da bai manne ba fanka kan ɗauke shi ta kai wa ƙarfen zafi, ya ƙone, hayaƙi ya tashi. Ki danna da kyau, ki kakkaɓe, ki share ƙasan kwando tsakanin zubi da zubi.

Garin burodi na yau da kullum

Wannan shi ne mai arha, kuma kina iya yin abinki: burodin da ya kwana, a busar a obin, a niƙa. Da yake laushi gare shi, yana rufe kokwamba ruf, har gefe, ba ya zubewa, kuma yana yin launi da wuri domin akwai ɓawo a cikinsa. Wadda ba ta taɓa yin wannan girki ba, da shi za ta fi samun abin da ya yi kyan gani tun zubin farko.

Matsalarsa daga wannan rufewar take. Lulluɓin ya yi cunkus, tururi ba shi da mafita, sai ya zauna a ciki. Yana fitowa da ɗan ƙarfi, amma kafin ki gama zubi na biyu na farkon ya fara laushi, ƙasan da ya taɓa faranti kuma ya jiƙe. Idan mutum huɗu ne zaune a kusa da kicin suna ci yana fitowa, babu wanda zai lura. Idan tire ne za a ajiye mutane suna zagayowa, za a lura.

Wanda ake sayarwa da kayan ƙamshi a ciki sau da yawa akwai gishiri, wani har da garin cuku. Ki karanta bayan fakitin. Kuma da yake yana saurin yin duhu, digiri 190 ya fi masa, ki leƙa tun a minti na 6.

Akwai hanyar tsakiya da nake ganin ta fi kowanne shi kaɗai: kashi biyu panko, kashi ɗaya garin burodi. Mai laushin ya cike gurbin da panko ya bari, panko ya ba da ƙarar. Kuɗin ma ya ɗan sauka.

Garin masara

Wannan ne ya fi kusa da yadda ake yi a kudancin ƙasar Amurka, inda ake haɗa garin masara mai ɗan tsaki da fulawa, a tsoma kokwamba a madara mai tsami, a birkiɗa, a jefa a mai. Yana da ɗanɗanon kansa, wanda ke tafiya da tsamin kokwamba fiye da burodi, kuma ƙarfinsa na dabam ne: garas-garas yake yi a haƙori, siriri, ba ya kumbura. Tsakin masara ba ya shan ruwa da sauri, don haka idan ya gasu da kyau yana jimirin zama a tebur, kusan kamar panko. Shi ne kuma mafi arha a cikinsu.

Sai dai a eya-firaya yana da wuyar sha'ani. Burodi an riga an gasa shi, launi kawai yake nema. Garin masara ɗanye ne, sai ya dahu, kuma ba zai dahu a busasshiyar iska ba sai da mai. Duk inda feshi bai kai ba zai fito fari, da ɗanɗanon ɗanyen gari, yana yi wa mutum kamar yashi a baki. Dole ki fesa mai har sai kin ga babu busasshen wuri ko ɗaya, ki juya ki sake. A nan wani ɓangare na ribar eya-firaya, wato ƙarancin mai, ya tafi. Ki nemi mai matsakaicin laushi. Mai manyan tsaki ba zai dahu cikin minti 10 ba.

Inda ya yi wa sauran fintinkau shi ne wajen baƙon da alkama ke cutarwa. Idan kika maye gurbin fulawa da sitacin masara, babu alkama a girkin ko kaɗan, muddin garin bai gauraya da fulawa ba tun daga masana'anta. Ki fara da nasa zubin tun kwando yana da tsabta, ki kuma ware masa faranti.

Ƙullu

Shi kam gajeren bayani ne. Ƙullun fulawa da ruwa mai gas shi ke ba da lulluɓin nan mai kumburi da ake samu a gidajen abinci, amma mai ne ke ƙamar da shi nan take. A eya-firaya kafin ya ƙame ya ɗiga ta ramukan kwando, fanka ta tura sauran gefe ɗaya, kokwamba ta manne a ƙasa. Wasu kan shimfiɗa takardar gashi su rage ɓarna, amma takardar tana tare iska, ƙasan ya zauna a jiƙe. Idan ranki ƙullu yake so, ki ɗora kaskon mai. Babu dabarar da za ta sa iska ta yi aikin.

Daskararriya ta kamfani

A wasu manyan kantuna ana samun wadda aka riga aka lulluɓe aka daskarar. Da ita da eya-firaya kamar don juna aka yi su, saboda an ɗan soya ta a mai tun a masana'anta, lulluɓin ya ƙame, man kuma yana jikinta. Daga firiza sai kwando, kada ki bari ta narke, ki bi lokacin da aka rubuta a fakitin. Babu kwano, babu ƙwai. Ita ce mafi tsada idan aka lissafa ɗaya-ɗaya, ta fi mai da gishiri, kuma kokwambar ciki takan yi laushi saboda ƙanƙara ta fasa jikinta. Amma ita kaɗai ce hanyar samun lulluɓi irin na ƙullu ba tare da kaskon mai ba.

| Lulluɓi | Ƙarfi idan ya fito | Jimiri a tebur | Kuɗi | Wahala | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Panko | Sosai | Mai kyau | Matsakaici zuwa sama | Kwano uku, da ɗan suyar gari | Fari-fari, burbushi ya ƙone |
| Garin burodi | Matsakaici | Gajere | Arha | Kwano uku | Saurin laushi, saurin duhu |
| Panko da garin burodi | Sosai | Mai kyau | Matsakaici | Kwano uku | Kaɗan |
| Garin masara | Siriri, garas-garas | Mai kyau idan ya dahu | Mafi arha | Kwano biyu, feshi da yawa | Ɗanyen gari |
| Ƙullu | Ba ya yi | Babu | Arha | Wankin kwando | Ɗiga da mannewa |
| Daskararriya | Sosai | Matsakaici | Mafi tsada | Babu | Gishiri da mai |

Shin injin zai ɗauki yawan baƙinki?

Wannan tambayar mutane kan manta da ita sai baƙi sun zauna. Kwandon lita 4 yana ɗaukar yanka 15 zuwa 20 idan an jera su da ɗan tazara, kuma tazarar dole ce. Idan kika cusa, tururin wannan ya jiƙa wancan, duk wahalar tsanewa ta tashi a banza. Ki ƙaddara kowane baƙo zai ci 6. Mutum 10 kenan yanka 60, zubi 3 ko 4, wajen minti 40. Wannan mai yiwuwa ne. Mutum 30 kuwa yanka 180 ne, zubi 9 zuwa 12, kusan awa 2 kina tsaye gaban inji, liyafa tana tafiya babu ke.

A nan obin ke shigowa. Babban tire ɗaya na ɗaukar wajen 40, kina iya sa biyu. Ki ɗora ragar waya a kan tiren don iska ta ratsa ƙasa, digiri 220, minti 15 zuwa 20. Bai kai eya-firaya ƙarfi ba sai dai idan obin ɗin mai fanka ne, kuma a nan soya panko a kasko tun farko ya zama tilas. Garin masara kam kada ki kai shi obin.

Kaskon mai shi ne mafi sauri, minti 2 zuwa 3 a digiri 180 zuwa 190, kuma gaskiya shi ne mafi daɗi. Amma yana cin mai da yawa, man ya ɗauki tsami da gishiri ba zai yi wani girki ba, gida ya ɗauki ƙauri. Haɗarinsa ma ya fi: ɗigon ruwa idan ya zama tururi yana kumbura kusan sau 1,700, shi ya sa jiƙaƙƙiyar kokwamba ke sa mai ya yi tsalle. Kaskon tafasasshen mai a gidan da yara ke guje-guje abin a yi tunani ne.

Ta fuskar wuta, eya-firaya mai wat 1,500 idan ta yi minti 10 ba ta wuce rubu'in kilowat-awa ba, don haka zubi uku ko huɗu ya fi kunna babban obin sauƙi. Idan zubi ya kai goma, lissafin ya juya. Ki jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, kada ki haɗa ta da wasu kayan zafi a wayar ƙari ɗaya, ki kuma bar mata fili a baya inda take fitar da iska. Kada ki sa takardar gashi ita kaɗai lokacin ɗumama injin, fanka za ta ɗaga ta ta kai wa ƙarfen zafi. Man feshi na gwangwani kuma akwai wanda ke ɗauke da sinadarin lesitin, wanda ke daskarewa a kwando ya lalata rufin da ke hana kamu. Ƙaramar kwalbar feshi da kika zuba wa mai da kanki ta fi, ko buroshi.

Riƙe ta har baƙi su ci

Ko da wane lulluɓi kika zaɓa, ruwan cikin kokwamba bai daina fitowa ba don kin kashe inji. Kada ki tara su a kwano, kada ki rufe, kada ki ɗora a tishu. Ragar waya ita ce wurin zamansu. Idan kina so ki tara zubi uku ki fitar lokaci ɗaya, ki sa ragar a obin mai digiri 95, za su jira ki kamar minti 20. Waɗanda suka huce kuma minti 2 zuwa 3 a digiri 190 na dawo da su. Panko da garin masara suna karɓar wannan ɗumamen. Garin burodi yakan dawo rabi-rabi.

Yin lulluɓi tun da wuri yana da iyaka. Minti 20 zuwa 30 a firij, a kan raga, a buɗe, yana taimaka wa garin ya kama jiki. Idan ya ɗauki awanni, ruwa ya ratso ya mai da fulawar danƙo. Abin da za ki iya yi tun safe shi ne tsane kokwamba, soya panko da haɗa abin dangwalawa.

Abin dangwalawar da aka saba a Amurka shi ne ranc, haɗin mayonis da madara mai tsami da ganyaye. Yogot mai kauri da tafarnuwa da ɗan dil yana yin aikin, kuma ya fi sauƙi a ciki. Kowanne kika yi, kada ya wuce awa 2 a waje, ko awa 1 idan zafin wurin ya haura digiri 32. Ki fitar da kaɗan-kaɗan, sauran yana firij. Ki kuma sanar da baƙi cewa akwai alkama da ƙwai da madara a ciki, tunda lulluɓi yana ɓoye komai.

Wanne ne naki?

Idan baƙinki 8 zuwa 12 ne kuma tire za ki ajiye a yi ta ɗauka, ki yi haɗin panko da garin burodi, kashi biyu da ɗaya, ki soya pankon a kasko tukuna, kokwamba mai yankan gargada. Wannan nake zaɓa ga yawancin liyafa, domin shi ne ke yafe ƙananan kurakurai kuma ya jira mai zuwa a makare.

Idan ku huɗu ne ko biyar, ana ci yana fitowa, kada ki wahalar da kanki neman panko. Garin burodin da ke kicin ya isa, a digiri 190.

Idan kuɗi ne abin dubawa, ko akwai wanda ba ya cin alkama, garin masara da sitacin masara, amma ki saki hannu wajen fesa mai, kuma ki gwada zubi ɗaya kwana ɗaya kafin ranar don ki san yadda injinki yake da shi.

Idan taro ya kai mutum 25 ko 30, ki gasa da panko a obin tire biyu, ki ajiye eya-firaya a gefe don ɗumama waɗanda suka huce. Idan kuma kina da mai taya ki a kicin, babu yara a kusa, kuma ɗanɗanon asali kike nema, ƙullu ko garin masara a kaskon mai.

Idan kuwa girki biyar ne a gabanki kuma wannan ƙari ne kawai a gefen tebur, ki sayi daskararriya, ki rage gishiri a abin dangwalawa, ki sa zubin farko minti 10 kafin a fara zama.